Wace Ce Ta Wuce?

Shekara talatin da ɗaya ina zaune a nan,
bakin titin Piyassa, inda hanya ke gangarawa Merkato,
tikitin caca a cinyata, sandata a gefe.
Ban taɓa ganin mota ba,
amma tambaye ni.

Lada sai ta yi tari kafin ta gaishe ka.
Tsohuwa ce mai ciwon ƙirji,
sai an lallashe ta, sai an tura,
in ta tashi kuwa, unguwa duka ta tashi.
Sun ce shuɗiya ce mai farin kai. Na yarda.
Ni dai na san ta da warin fetur ɗanye
da zagin da Gashaw ke mata kowace safiya,
irin zagin da uba ke wa ɗan da ya fi so.

Korola numfashinta a daidaice yake,
kamar na akawun da ya ci ya ƙoshi.
Fijo ta tsufa da mutuncinta.
Marsandi ba ta magana, gyaran murya take
don a san da babba a wurin.
Isuzu in ya ɗauko buhunan hatsi daga Gojjam
ba kunne ke ba ni labari ba,
ƙasa ce, ta tafin ƙafa.

A rumfar Tiruwork direbobi ke musu kan gahawa.
Wannan ya ce Toyota ba ta mutuwa, sai dai mai ita.
Wancan ya ce kayan gyaranta sun fi kuɗin asibiti.
In musu ya yi zafi sai su juyo:
Wondimu, wace ce ta wuce?
In faɗi sunanta, in ƙara da cewa belinta ya kusa tsinkewa.
Da haka na sha gahawa shekaru ban biya ba.

Sai wata Talata, ana yayyafi,
na miƙa sanda zan tsallaka.
Titi shiru. Kunnena ya ce, tafi.
Wani sanyi ya taɓa gwiwata,
a hankali, kamar hancin ɗan maraƙi.
Mace ta fito tana kiran sunan Maryama.
Na ce, mene ne wannan?
Ta ce, mota ce, baba.
Na ce, mota ba ta sanɗa.
Ta kama hannuna ta ɗora a goshin abin.
Ba zafi, ba kyarma, ba wari.
Kamar ka taɓa gawa,
gawar da ta fi Lada gudu.

Gashaw ya ce, bari a ɗauke wuta mu gani.
Ɗan Tiruwork ya ce, kai kwana nawa ka yi a layin mai?
Wannan ruwan kogin Abbay take sha ta waya,
mai ita tana barci.
Gashaw bai amsa ba.
Na ji yana juya makullinsa a aljihu.

Jiya suka ce, Wondimu, wace ce ta wuce?
Na ce, babu abin da ya wuce.
Ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi ƙona ni ke nan.
Na lalubo birr na biya kuɗin gahawata.

Matar nan, Hirut sunanta, tana dawowa duk Talata.
Takan sayi tikiti ɗaya, ba ta taɓa ci ba,
sannan ta wuce ta gabana sannu sannu, sau biyu,
don in koya.
Akwai wani siririn kuka can ƙasa,
kamar sauro a ɗaki na uku,
da raɗar taya a jiƙaƙƙiyar kwalta.
Ta ce akwai ta Sin, akwai ta Jamus.
Ban iya raba su ba tukuna.
Shekarata sittin da huɗu,
ga ni na koma ajin farko
da kunnuwan da nake zaton sun sauke.